Yau Nawa Jikka Ta Kwana?

Mu nan Dakoro, da an gama ɗaurin hatsi an kai rumbu, an roro wake an sussuke, sai ka ga gari ya fara raguwa da samari. Daga Kornaka, daga Ajekoriya, daga Birnin Lalle da Sabon Mashi da ƙauyukan kwarin Tarka, kowa da ƴar jakarsa da bargo a kafaɗa, ana ta cika motocin Maraɗi. Daga can sai Ɗan Isa, sai Jibiya, sai Katsina. Wasu su tsaya Kano, wasu su zarce Abuja, masu dogon zango har Legas da Fatakwal. Ci-rani ke nan, tafiya biɗa. Kakanninmu sun yi, iyayenmu sun yi, kuma da wuya ka sami gidan da bai taɓa cin tuwon da aka yi guminsa a Kudu ba. Daminarmu wata uku ce, huɗu in Allah ya kyauta, kuma ba kowane rumbu ke kai gida wata kakar ba. In saurayi ya tafi, hannu ɗaya ya ragu a akushi, abin da ya samo kuma shi ke riƙe gida daga bazara har sabon hatsi ya nuna.

Da can in an bugo waya daga Kano, a tambayi jikin tsohuwa, a tambayi bisashe, a tambayi wa aka haifa wa ya rasu. Yanzu ba a gama "ina gajiya" ba an jefo tambayar: yau nawa jikka ta kwana? Tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba ta san farashin canji na safe, ta san na marece, ta kuma san ba ɗaya ba ne.

Lissafin ba shi da wuya, zafi gare shi. Wajen 2014 jikka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, ba ta wuce naira ɗari uku da ƴan kai ba. Farkon 2023 ta kai wajen naira 1,200 a hannun ƴan canji. Da Bola Tinubu ya hau mulki a ƙarshen watan Mayun shekarar, ranar rantsuwa ya ce tallafin mai ya ƙare, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kafin 2024 ta yi nisa, jikka ɗaya ta kai wajen naira 2,500. Yaron da ke aiko da naira dubu hamsin, da uwarsa na karɓar kusan jikka arba'in, sai ta koma karɓar ashirin. Shi bai rage tura kurar ruwa ba, bai rage kwanan gadi ba, rabin wahalarsa ne kawai ke narkewa tsakanin Jibiya da Ɗan Isa. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655 da ɗoriya, ba ta motsi. Naira kuwa kullum da yadda take wayar gari.

In ka zauna da dattawan ƙofar masallaci bayan la'asar, za su ba ka tarihin abin tun daga tushe. Akwai wani baba a unguwarmu da ya yi gadi a Kano zamanin Shagari. In samari suna kukan canji, sai ya gyara zama ya ce, "Ku yara ba ku ga naira ba. Mu muka ga naira." Gaskiyarsa ne, a 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka daraja a banki. Mutum ya yi rani ɗaya ya dawo da rediyo da keke da turamen atamfa, har da kuɗin aure. Amma shi da kansa yakan ƙara da cewa daɗin bai daɗe ba. A 1983 aka kori baƙi daga Nijeriya, mutanenmu suka dawo a bayan manyan motoci. A watan Afrilun 1984 Buhari ya rufe iyaka ya canja launin kuɗi, waɗanda suka ɓoye naira a gida suka wayi gari da takardu. Sai kuma fari ya zo a kan haka, shi ya sa har yau muke kiran yunwar shekarar da sunan Buhari. A 1986, zamanin Babangida, aka fara karya naira da gangan, daga nan ba ta sake miƙewa kamar da ba.

Wani dattijon, tsohon malamin lakwal, ba ya bari a tashi sai ya tuna mana cewa sefa ma ta taɓa shan kaye. A watan Janairun 1994, Mahamane Ousmane na mulki, aka taru a Dakar aka raba darajarta biyu a dare ɗaya. Ya ce, "Alhaji, albashina bai ƙaru ba, magani ya ninka, shinkafa ta ninka. Kada kowa ya yi wa naira dariya." Ina ganin maganarsa abin riƙewa ce, don akwai ƴan samarinmu da ke ɗaga takardar jikka goma suna ji da kai a gaban ƴan uwanmu na Katsina. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce. Su ne suka ba iyayenmu masauki shekara da shekaru.

To, yaya yaran namu ke yi a can? Wannan ita ce hirar da ta fi tsawo a kowace fada, kuma in ɗan ci-rani ya dawo ya sake da kai, shayi na biyu bai sauka ba za ka ji abin da ba ya faɗa a waya.

Abu na fari da suke taɓawa cikinsu ne. Mu a gida mun ɗauka canji kaɗai ke cinsu, alhali wuta biyu ce. Litar mai da ba ta kai naira 200 ba kafin Mayun 2023 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, ta ja kuɗin mota, ta ja kuɗin komai. Hukumar ƙididdiga ta Nijeriya da kanta ta ce tsadar kaya ta kusa kashi 35 cikin ɗari a Disambar 2024, ta abinci kuma ta fi haka. Buhun shinkafa ya ninka ya wuce. Mai ga-ruwa ya ƙara kuɗin jarka, amma matan gidan da yake kai wa su ma a matse suke, wadda ke sayen shida ta koma uku. Mai wankin takalmi ya yini yana buga akwati ba wanda ya kira shi. Mai yankan farce haka. Maigidan da ake yi wa gadi ya ƙara naira dubu biyar a wata yana ganin ya yi ƙoƙari, kuma ya yi ɗin, sai dai ƙarin bai sayi burodin da shayi na wata ba. Saboda haka yaro ya daina zuwa wurin mai tuwo da rana. Garin rogo da ruwa da ɗan sukari, in an samu ƙuli-ƙuli an yi biki. Su haɗu su takwas, su goma, ƴan gari ɗaya, a yi karo-karo a dafa tukunya ɗaya da dare, wake da taliya ko ɗan wake. Ɗaki kuwa an daɗe da barin maganarsa. Kango ne, ko barandar shago bayan an rufe, ko ɗakin gadin wani ɗan uwa inda ake kwana bi da bi. Da yawa suna haɗa sana'a biyu, dare a ƙofar gidan wani, rana a bayan baro a Singa ko Dawanau. Waɗanda ke acaɓa a Legas, tun da aka hana babur a manyan sassan birnin a 2022, wasu sun koma jari-bola, wasu dako a Mile 12 da Alaba Rago.

Wani ƙanen maƙwabcina ya dawo bara da wuyansa kamar a ƙirga jijiyoyi. Uwarsa ta dube shi ta ce, "Kai kuwa ciwo ka yi ba ka faɗa ba?" Ya ce, "Lafiyata lau, Inna, zafin Kano ne." Ba zafin Kano ba ne. Jikka goma sha biyar da take karɓa duk wata bai yarda ta ragu ba, sai ya cike giɓin da abincin rana. Wannan shi ne abin da nake so mu riƙa tunawa in saƙo ya iso: in adadin bai ragu ba alhali naira ta faɗi, to wani ne ya biya bambancin, kuma da cikinsa ya biya.

Abu na biyu, sun koyi kada naira ta kwana a aljihu. Da ɗan ci-rani yakan tara kuɗinsa wurin wani amintaccen mai shago har watan dawowa. Yanzu wanda ya yi haka ya yi wa kansa. Abin da aka samu a mako, a kai wa ɗan canji a mayar sefa, ko a tura nan take. Hanyar ma ta zama sananna: ka ba mutum naira a Wapa ko ka tura masa ta waya, shi ya kira abokin hulɗarsa a Maraɗi, wancan ya sa a NITA ko Amana ko Al Izza, kafin azahar tsohuwa ta aiki jikanta da katin shaida ya karɓo. Kowane hannu da ɗan abin da yake gutsura, amma ya fi a jira. Wanda ya jira mako biyu a farkon 2024, lokacin da dalar Amurka ta tashi daga ƙasa da naira dubu a banki ta doshi 1,500, ya ga yadda kuɗin buhun hatsi ke komawa na rabin buhu yana kallo.

Darasin da ya fi shiga jiki kuwa shi ne na canjin takardun naira. A ƙarshen 2022 babban bankin Nijeriya, ƙarƙashin Emefiele, ya fito da sababbin takardun 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin ƙarshen Janairun 2023, aka ƙara kwana goma. Mutanenmu mafi yawa ba su da asusun banki a can, ba su da takardun buɗe shi. A ƙauyukanmu kuma akwai naira a ƙarƙashin katifa, a cikin kwalla, a hannun dillalan dabbobi. Aka yi ta rige-rigen rabuwa da tsofaffin takardu a kan kowane farashi. Daga baya kotun ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu, amma wanda ya riga ya sayar da asara ba mai mayar masa. Tun daga nan ka ba wata tsohuwa naira a nan, sai ta ce, "Ɗana, kai mini ita kasuwa yau yau."

Sai muhawarar da ba ta ƙarewa a unguwa: a aiko kuɗi ko a aiko kaya? Masu cewa kaya suna da hujja. In naira ta faɗi, abin da ake yi a Nijeriya yakan yi araha ga mai sefa, kafin ƴan kasuwa su gyara farashi. Yaro ya shiga Kantin Kwari ya sayi turmi biyu, ya sayi takalman roba da bokitai da sabulu da katan ɗin taliya, ya ba direban da aka sani, matarsa ta kasa a ƙofar gida ko ta kai gidan suna. Sau da yawa abin da za ta samu ya fi abin da ɗan canji zai ba ta. Masu cewa kuɗi su ma ba su rasa ta cewa: kuɗin mota ya tashi, shingaye a hanya ba su ƙirguwa, kowane da abin da za a ajiye, ga bashi da maƙwabta za su ɗauka ba ranar biya. Wata gwaggo a layinmu ta yanke hukunci nata, ta ce, "Ni dai a aiko mini abin da zan auna hatsi. Atamfa ba ta shiga tukunya." Surukarta, yarinya mai wayon kasuwa, ta yi ƙasa da kai ta ce, "Gwaggo, in na sayar ai hatsin zan auno, har da na miya." Suna nan dai, wata ɗaya kaya, wata ɗaya kuɗi.

Duk wannan sai da hanya a buɗe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, har sai watan Maris na 2024 aka buɗe. A watannin nan naira na faɗuwa can, shinkafa da magani na tashi nan, ga hanya a toshe. Mutane ba su daina wucewa ba, ta daji aka koma a kan babura, da ninkin kuɗi da fargabar ƴan bindiga a dazukan Jibiya da Madarumfa. Yara da yawa ba su zo noma ba a wasu shekarun nan saboda kuɗin mota zuwa da komawa ya kai abin da za su aiko na wata biyu. Sai su turo kuɗin ƙwadago a ɗauki wani ya yi noman, ko tsoho ya ɗauki hauya da kansa.

Matan da aka bari a gida su ne ba a cika ba su haƙƙinsu a hirar maza ba. Matar ɗan ci-rani ita ke zuwa wurin mai kanti ta ce a rubuta, in saƙo ya zo za a biya. Ita ke auna tiya ta raba ta kwana biyu. In saƙon ya zo bai kai ba, ba za ta faɗa wa uwar miji ba don kada a ce ta raina, ba za ta faɗa wa mijin ba don kada ta ƙara masa nauyi. Sai ta tashi da fura, ko ƙosai, ko ta soya gujiya ta fitar da mai da ƙuli-ƙuli. Asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗin nan tun 1991 kafin ya bazu ƙasashe, ya rufa asirin gidaje da yawa a wannan tsakanin: zubin mako-mako, rance in ciwo ya taso, rabo gab da damina. Wadda ta samu rara kuma ba ta ajiye takarda, jar akuya take saye. Akuya tana haihuwa, ba ruwanta da abin da aka yanke a Abuja ko a Dakar. Wata ƴar uwata takan ce wa mijinta a waya, "Maigida, kada ka matsa wa kanka, mun samu na wannan makon." Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci kuma ƴan kunnenta ta kai kasuwa.

Akwai kuma ƴan ci-ranin da ba su je neman kuɗi ba, almajiranmu. Ƙauyukan nan suna da yara a tsangayun Kano da Katsina da Zariya da Gusau. Rayuwarsu a kan ragowar tuwon gidaje take, kuma gidan da ke auna shinkafa da gwangwani ba ya rage komai a tukunya. Malamai da kansu suka fara aiko wa iyaye cewa a taimaka. Yanzu za ka ga uba ya ɗaure rabin buhun hatsi ya ba direba, ko ya tura jikka biyar, wadda in ta ƙetare ta zama naira dubu goma sha biyu da wani abu. Wasu sun je sun kwaso ƴaƴansu sun mayar da su wurin malaman gida. Ni ina ganin sun kyauta. Karatu yana nan a Dakoro da Maraɗi da Tibiri, yaro ɗan shekara takwas bai kamata ya ɗauki nauyin faɗuwar kuɗin wata ƙasa ba.

Kada kuma wanda bai taɓa fita ba ya ɗauka abin bai shafe shi ba. Je ka kasuwar dabbobi ta nan ko ta Sakabal ka tambayi Fulani da Buzaye. Babban mai sayen sanmu da ragonmu ɗan Nijeriya ne, daga nan a kora zuwa Jibiya da Mai'aduwa da Illela. Mutumin ya zo da naira, ya canja, abin da ya rage a hannunsa ba ya taya sa yadda ya saba. Makiyayi ya sayar da bisa da araha ya juya ya auni hatsi da dussa da tsada. Waken da muke nomawa ma Dawanau yake nufa. Ga dokokin da suka biyo baya, an hana fitar da hatsi a watan Oktoban 2024, an hana fitar da dabbobi gab da layyar 2025. Masu sayen rago a Yamai sun ji daɗi, masu kiwo a arewacin Tarka kuwa sun dawo da garke gida ba su samu farashin da suka yi shekara suna jira ba. Man ruwa-ruwa da samarinmu ke sayarwa a kwalabe bakin hanya, wanda ya riƙe gidaje da yawa, shi ma cire tallafi ya kashe ribarsa. Da mai araha daga Kudu yake zuwa. Da ya daina zuwa, kowa ya koma gidan mai, matatar SORAZ ta Damagaram ta kasa ɗaukar nauyin duka, muka sha dogon layi a watan Maris na 2025.

Ta wani gefen kuma ƴan Nijeriya da ke zaune a cikinmu su ma kashi biyu ne. Mai sayar da kayan gyaran babur ko mai ɗinki da ke samun sefa a Maraɗi, in ya tura gida kuɗinsa kumbura suke. Ɗalibin da iyayensa ke turo masa naira yana karatu a Jami'ar Maryam Abacha kuwa, haya da abinci da sefa yake biya, ya san abin da yaranmu ke ji a Kano, ta baibai.

Shi ya sa alƙibla ta fara juyawa. A fada yanzu in an ce ina za ka bana, ba kowa ke cewa Kudu ba. Wasu Agadas suke nufa, musamman tun da aka soke dokar 2015 ta hana jigilar baƙin haure a watan Nuwamban 2023, motoci suka koma fita a fili zuwa Dirku da Sabha. Libiya akwai aiki, gini da gona da kiwo, kuma kuɗin ya fi kauri. Amma dinari ma ya sha karya, a farkon 2021 an sauke shi a banki daga ƙasa da ɗaya da rabi zuwa kusan huɗu da rabi a dalar Amurka, an sake rage shi a 2025. Ga masu tare mutum su kulle shi sai an aiko kuɗin fansa daga gida, ga ubangidan da zai ci guminka wata uku ya ce je ka kai ƙara. Aljeriya kuwa sai ka tara ka tara, rana ɗaya a kama ka a zuba a mota a sauke ka a hamada, ka taka kilomita goma sha biyar zuwa Asamaka, ba waya ba jaka. Fiye da mutum 30,000 aka koro ta nan a 2024 kaɗai. Wasu sun tafi haƙar zinariya, Jado da Cibarakaten, mun kuma san yadda ramin zinariya ya rufta kan mutane a Ɗan Isa a watan Nuwamban 2021. Masu zuwa Gana sun ga nasu a 2022, lokacin da sidi ya zube, tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin ɗari. A Abijan kuwa ba ruwanka da ɗan canji, sefarsu sefarmu, jikka goma a Ajame jikka goma ce a Dakoro. Sai dai nisa, da kuɗin mota, da gadar Gaya da aka rufe a 2023 sai an shiga jirgin ruwa, ga tsadar ɗaki a can.

Duk lokacin da na ji uwa na cewa gara ɗanta ya tafi Libiya tun da naira ta mutu, gabana faɗuwa yake. Kano kwana ɗaya ce. In ciwo ya kama shi akwai ɗan garinsu a kowace unguwa, harshe ɗaya, masallaci ɗaya, in ta Allah ta kasance a san inda aka binne shi. Faɗuwar naira ba jikka kaɗai ta rage mana ba, ta tura yaran da da ba za su wuce Sabon Gari ba zuwa cikin sahara.

A nan ne nake ganin mu na gida muna da abin gyarawa, kuma ba ya bukatar gwamnati. Mun saba in ɗan ci-rani ya sauka, kafin ya sha ruwa ƴan uwa sun cika zaure, kowa na jiran tsaraba: sabulun gwaggo, hular kawu, takalmin ƙanne, goron abokan uba. Muna auna shi da mudun shekarun da naira ke da ƙarfi. In ya kawo kaɗan sai a fara ƙus-ƙus, wai ya koyi caca, wai ya yi mata a can, wai ɗan gidan wane ya fi shi zuciya. Saboda tsoron wannan maganar akwai yaran da suka shekara uku ba su zo ba. Ba su ƙi gida ba, kunyar shigowa hannu sake suke ji. Wani yakan ci bashi a Kano don ya sayi tsarabar da zai rufe bakin mutane, ya koma ya yi rani guda yana biya. Kayan aure ma mun bar su suna hawa, akwati kan akwati, waya, gado na zamani, alhali wanda zai saya da naira yake samu. Wasu iyaye a ƙauyukan Kornaka da nan cikin gari sun fara sassautawa, suna cewa a kawo sadaki da abin da ya sawwaƙa, kuma ban ga auren da ya lalace don haka ba.

Na ji wani uba yana magana da ɗansa a waya a bakin kasuwa, da ƙarfi yadda tsofaffi ke yi. Ya ce, "Kai, ji nan. Kada ka sayo wa kowa komai. Ruwa ya kusa, gona na jiranka. In kuɗin mota ne babu, faɗa mini in sayar da tunkiya." Waɗanda ke kusa suka yi shiru, don kowa na da wanda ya kamata ya yi wa wannan wayar.

Yanzu kuma ga maganar sabon kuɗi tana yawo, tun da Nijar da Mali da Burkina suka kafa ƙawancen AES suka fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025. A fada wasu na murna, wasu na tuna 1994, masu rediyo a kunne kullum da sabon labari. Naira ta ɗan lafa a 2025, ba ta koma inda ta fito ba, amma aƙalla mutum na iya kwana da ita. Gidaje masu samari da yawa sun riga sun yi nasu tsarin ba tare da jiran kowa ba. Maƙwabcinmu na gabas ƴaƴa uku gare shi da suka isa fita. Bana ya ce babban ya koma wurin gadinsa a Kano tun da maigidan mutumin kirki ne, na biyun ya bi kawunsa Abijan ya koyi tallar kaya, ƙaramin ya zauna ya riƙe amalanke da shanun noma, yana jigilar ruwa da bulo a cikin gari. Ya ce wa na Kanon duk abin da ya samu kada ya wuce Juma'a a hannunsa, ya ce wa na Abijan ya tara nasa sai watan bakwai, lokacin da tiya ke tsada. Maganar Libiya kuwa ya ce muddin yana da rai ba da yawunsa ba.